Kunyar 'Yar Fari a Gaban Alƙali

Motar da ta buge 'yata motar ruwa ce, irin masu kai manyan gorunan ruwan sha gida-gida. A ƙofar benenmu da ke unguwar Al Nahda a Dubai abin ya faru, da rana tsaka, a shekarar 2018. Saukowarta ke nan daga bas ɗin makaranta, jaka a baya, sai direban ya yo baya ya hau dakalin masu tafiya a ƙasa, don ƙyuyar yin 'yar tafiya ɗauke da gora. Ya matse mata ƙafar hagu da wani ƙarfe da aka kafa a bakin hanya. Shekararta tara a lokacin.

Ƙashin cinya ne ya karye, dab da gwiwa. Aka gyara a asibiti, ya haɗe, ta yi 'yan watanni da sanda ta ajiye, muka yi sadaka muka gode wa Allah. Direban kuwa kotun masu laifi ta ci shi tara, kuma wallahi ban riƙe shi a raina ba sosai, shi ma neman abinci ya kawo shi ƙasar mutane. Na ɗauka magana ta ƙare ke nan.

Sai da shekara ta kusa zagayowa, wata rana tana tsaye kan sallaya ina bayanta ina ninke kaya, na ga tsayuwarta ba daidai ba. Gwiwar hagu ta karkata ciki, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Na ce ta miƙe sosai, ta ce ai a miƙe take.

Likitan ƙashi ya ɗauki hoto, ya zaunar da mu ni da maigidana ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce ƙashin yaro yana da wurin da yake ƙara tsawo, kusa da gaɓa, kuma nan ne motar ta daka. Gefe ɗaya ya toshe ya daina girma, ɗaya gefen yana ta girmansa, don haka kullum ta ƙara tsawo ƙafar ƙara lanƙwashewa za ta yi. Ya ce akwai ƙaramar tiyata da za a buɗe wurin da ya toshe, ƙashin ya ci gaba da miƙewa da kansa, amma sai an yi ta da wuri, tun yarinya tana da sauran girma a gaba. In aka makara, sai dai a sare ƙashin a kafa mata ƙarafa. Ni ma'aikaciyar kantin magani ce, ban buƙaci a maimaita min ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko kakata da ba ta taɓa shiga aji ba ta san wannan.

To, wa zai ɗauki nauyin aikin? Inshorar lafiyarmu ta wurin aiki ta ce hatsarin mota ba huruminta ba ne, mu nemi inshorar mai motar. Inshorar mai motar ta ce karaya ta sani, kuma karaya ta warke, wannan lanƙwasar wa ya tabbatar ba da ita aka haife ta ba? Ku ji min rainin hankali! Yarinyar da ni na haife ta, ni na yi mata wankan jego, har wani ƙato a ofis zai gaya min yadda ƙafarta take. Aikin kuma ya fi ƙarfin masu albashi irinmu. Na ce mu kai ta gida a yi mata, lauyar da muka ɗauka ta ce kul, in aka taɓa ƙafar kafin likitocin da kotu za ta naɗa su duba ta, mun wanke kamfanin da hannunmu. Haka muka shigar da ƙara, da sunan ubanta, domin a dokar ƙasar shi ne waliyyi, shi ke tsayawa a madadinta.

A nan na san abin da ake kira layi. Ƙarar 'yata tana cikin jeri ɗaya da ta mai gida da ɗan haya, da ta 'yan kwangilar da suka yi faɗa kan siminti, da ta wanda kwantenarsa ta jiƙe a tashar ruwa. Kowa ya jira nasa lokacin, wai adalci ke nan. Lauyan kamfanin inshora kuwa ya iya sana'arsa. Yau ya ce bai samu fassarar takardun asibiti ba, a ɗage. An dawo ya ce yana son ya kawo nasa likitan, a ɗage. An dawo ya ce abokin aikinsa da ke riƙe da maganar ya tafi hutu. Shi bai yi asarar komai ba in an ɗage. Siminti ba ya girma, kwantena ba ta girma, amma ni ina gida ina kallon siket ɗin makaranta yana ɗagewa daga idon sawun 'yata, kuma duk abin da uwa ke murna da shi ni tsoro yake ba ni. Akwai ranar da na kama kaina ina roƙon Allah kada ta yi saurin tsawo. Wace irin uwa ce ke wannan addu'a?

Ana cikin haka korona ta zo, aka rufe gari, aka rufe filin jirgi, zaman kotu ya koma ta bidiyo. Kullen ya ritsa da Baffa a Dubai. Baffa yayan mahaifin maigidana ne, kuma shi ya rene shi tun yana ƙarami bayan rasuwar mahaifin. Ɗan kasuwar yadi ne daga Kano, yakan zo sari a Bur Dubai ya sauka a masaukin 'yan kasuwa ya koma. Da aka rufe masaukin sai ya dawo wurinmu, muka ba shi falo, mu da yara muka takure a ɗakuna. Ban yi ƙorafi ba, uba ne. Mutum ne mai barkwanci, yana kiran 'yata amaryarsa, yana ce mata ta yi sauri ta warke ta zo ta yi masa tuwo, ita kuma ta ce ba ta auren mai furfura.

Dole in yi bayanin wani abu game da gidan su maigidana. Su kunyar ɗan fari ba wasa suke da ita ba. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya nuna ya damu da shi. In yaron ba shi da lafiya aka tambayi uban, sai ya kau da kai ya ce a tambayi masu shi, wato kakanni da baffanni. Tunda aka haifi 'yata ban taɓa jin sunanta a bakin ubanta ba. Yarinyar nan, haka yake cewa. Ki ba yarinyar nan, ina yarinyar nan, yarinyar nan ta ci abinci? Ƙanwarta kuwa har kan wuyansa take hawa. Ni ma a gidanmu an san wannan kunya, amma tun a ɗakin haihuwa na yar da tawa, don na duba dama da hagu ban ga kaka ba, ban ga goggo ba. A Kano abin yana da ma'ana, uba ya yi shiru ne saboda akwai gida guda na masu magana a madadin yaron. A hawa na sama a Al Nahda, in uwa da uba suka yi shiru, bango ne zai yi magana?

Lauyarmu, wata Balarabiya mai kaifin baki, ita ta kawo shawarar mu roƙi alƙali ya gaggauta shari'ar, ya sa likitocin kotu su duba yarinyar ba tare da jiran layi ba. Ta ce akwai ƙasashen da doka da kanta take sa ƙarar yaron da aka ji wa rauni a gaba, ko an roƙa ko ba a roƙa ba. A shari'armu kuwa sai mun nema, kuma sai alƙali ya gamsu cewa jira zai cutar. Ta ce rahoton likitanmu yana nan, amma kamfanin zai ce likitan da muka biya ne, don haka alƙali zai so ya ji daga bakin uba. Ta kira maigidana a waya ana gobe za a zauna, ta yi masa tambayoyin da za a iya yi masa. Ina zaune kusa da shi a ɗaki. Ya yi karatu a Sudan, Larabci a bakinsa kamar ruwa. Ya faɗi komai: yadda take cije leɓe in ta hau matakala, yadda ta daina zaman tahiya sai ta miƙe ƙafa, yadda take farkawa da ciwon ƙugu. Ashe duk yana lura. Har na ji sanyi a raina, na ce lallai gobe sai an ji mu.

Washegari da hantsi aka ɗora kwamfuta kan teburin falo, domin nan ne kawai intanet ɗin ke da ƙarfi. Na yi ta dabarar yadda Baffa zai ba mu wuri. Na ce, "Baffa, na kai muku shayi baranda, yau akwai iska." Ya ce, "A'a 'yar nan, yau ranar amaryata ce, da ni za a yi." Sai ga shi ya fito da babbar riga da hula, har da turare, ya zauna a kujerar da ke gefen maigidana, inda kyamara ba ta kama shi. Da zuciya ɗaya ya yi, na sani. Na kalli maigidana, na ga wuyansa ya sanƙare. Baffa suruki ne, ba zan zauna cikinsu ba, sai na tsaya a ƙofar kicin da mayafina.

Fuskoki suka bayyana a allon, alƙali a sama, lauyarmu, lauyan kamfani. Larabcina na kantin magani ne, amma ya ishe ni in bi abin da ake cewa. Lauyarmu ta yi bayaninta tsaf. Lauyan kamfani ya ce ba su ga abin gaggawa ba, yarinya ta warke tuntuni. Sai alƙali ya juyo kan maigidana, da murya mai taushi ma kuwa.

Ya ce, "Kai ne mahaifinta?"

Maigidana ya ce, "Na'am."

"Yaya jikinta yanzu?"

Maigidana ya juya ya dubi Baffa. Na gane wannan kallon sarai, jira yake babba ya karɓi maganar kamar yadda ake yi a zauren gidansu. Baffa kuwa Larabcinsa bai wuce na ciniki ba, kuma kotu ba ta san da zamansa ba. Sai ya gyaɗa masa kai, alamar ya ci gaba.

Maigidana ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, tana lafiya."

Alƙali ya ce, "Tana takawa da ƙafar?"

"Tana takawa."

"Tana kukan ciwo?"

"Yara ne, ba a rasa ba. Ba wani abu ba ne."

Na ji kamar an watsa min tafasasshen ruwa. Alƙalin ma sai da ya ɗan dakata, ya duba takardun gabansa, ya sake ba shi dama. Ya ce, "Lauyarka ta ce jira zai cutar da ita. Kai a ganinka akwai abin da ba zai iya jiran lokacinsa ba?"

Maigidana ya ce, "Duk yadda kotu ta gani daidai ne. Mu masu haƙuri ne."

Ban san lokacin da na baro ƙofar kicin ba. Na tsallake ƙafafun Baffa, na sa fuskata a gaban kyamara ina cewa ni ce uwarta, ni ce uwarta, a saurare ni. Amma an riga an kashe mana murya daga can, bakina kawai suke gani yana motsi. Lauyan kamfani yana magana, har da ɗan murmushinsa, yana cewa ga mahaifi da kansa ya shaida. Lauyarmu ta roƙi a ji ta bakin uwa. Alƙali ya ce waliyyi ya yi magana, ba a ga dalilin tsallake layi ba, ƙara za ta bi lokacinta. Allon ya ɗauke.

Sai Baffa, da bai fahimci abin da aka yanke ba, ya dafa kafaɗar maigidana ya ce, "Madalla. Ka yi dattako, ba ka zubar mana da girma a gaban Larabawa ba."

Ranar na ajiye surukuta a gefe. Na ce, "Baffa, ku gafarce ni, amma wane girma? An tambaye shi ciwon 'yarsa ya ce ba wani abu ba ne, an mayar da mu ƙarshen layi. Girman ne zai miƙe mata ƙafa?" Na juya kan maigidana. "Haba Malam! Haba! Jiya ba kai ne ka lissafa komai ba? Ina bakin ya tafi? Ranar wanka ake ɓoye cibi? Shekara nawa ina haɗiye yarinyar nan, yarinyar nan, ban taɓa ce maka uffan ba, na ce al'adarku ce. Rana ɗaya tak da aka buƙaci ka zama ubanta da baki, ka zaɓi ka zama ɗan kirki a idon Baffa!"

Baffa ya yi salati. Da ya gane abin da ya faru, sai ya dubi maigidana ya ce, "Ai da ka faɗa, ɗan nan. Wa ya hana ka?" Wannan ta fi komai ƙona min rai. Wa ya hana shi! Ku da kuka rene shi a kan cewa namiji mai mutunci ba ya buɗe baki a kan ɗan fari, yanzu kuke tambaya wa ya hana shi. Daga nan Baffa ya koma cewa a yi haƙuri, komai rubutacce ne. Na ce haƙuri muna da shi har ya yi mana yawa, shi muka kai kotu yau muka ba kamfanin inshora kyauta.

Maigidana ya jira sai da Baffa ya shiga alwala. Ya ce da ni a hankali, "Wallahi maganar tana bakina. Ta ƙi fita. Yaya zan zauna gaban mutumin da ya rene ni ina 'yata, 'yata?" Na ce kada ya ƙara gaya min wannan maganar muddin muna tare.

Na wuce ɗakin yara don in huce. Ƙofar a buɗe take kaɗan, na tura na ji ta tokare da mutum. 'Yata ce zaune a ƙasa a bayan ƙofar, ta miƙe ƙafar hagu. A makarantarsu ana koyar da Larabci, ta fi ni ji nesa ba kusa ba. Ta ji tambayoyin alƙali, ta ji amsoshin ubanta. Na durƙusa zan rarrashe ta, ta ce ba ta son magana, ta ɗauki littafinta ta hau gado.

Ba na cewa alƙalin azzalumi ne. Ya tambaya har sau biyu, an ba shi amsa. Abin da har yau nake jin zafinsa shi ne a ce haƙƙin yaro ya rataya a kan harshen babba. In uban mai kunya ne fa? In matsoraci ne, ko bai iya magana ba, ko yana gudun kada a soke masa biza? Shekarun yarinya suna rubuce a gaban kotu, hoton ƙashinta yana nan. Wannan kaɗai ya isa a ce ta wuce gaba, ba sai wani ya yi kuka da kyau ba. Ko a layin famfo, in aka ga yaro da ƙishirwa ana matsa masa ya sha.

Da aka buɗe filin jirgi Baffa ya koma Kano. Bayan tafiyarsa bakin maigidana ya buɗe, ya yi ta zarya ofishin lauya yana cewa a sake nema, zai faɗi komai. An sake nema, aka ce ba wani sabon dalili da aka kawo. Ihu bayan hari. Muka bi layi kamar kowa, lauyan kamfani ya ci gaba da ɗage-ɗagensa, ƙafa ta ci gaba da lanƙwashewa, har ta kai 'yata ba ta yarda ta sauka ƙasa wasa da yaran bene. Ba ta yi wa ubanta rashin kunya ba ko sau ɗaya. Tana gaishe shi, tana kawo masa ruwa, amma ko ciwon kai take yi ba ta faɗa in yana wurin.

Likitocin kotu sun duba ta a farkon 2021, suka tabbatar da duk abin da likitanmu ya faɗa tun farko. Bayan wasu watanni aka yanke hukunci, mu muka yi nasara, kamfani zai ɗauki nauyin aiki. Lauya ta kira tana ta mabruk, mabruk, wato barka. Na yi mata godiya don ta yi iya ƙoƙarinta. Muka koma wurin likitan ƙashi, ya ɗauki sabon hoto, ya daɗe yana kallo. Ya ce lokacin ƙaramar tiyata ya wuce.

Aka sare ƙashin. Aka kafa mata wasu zobba na ƙarfe kewaye da cinya, da tsinkayen ƙarfe da suka huda nama suka shiga ƙashi, za ta yi watanni da su ana ɗaure su kaɗan-kaɗan har ƙafar ta miƙe. Kwana biyun farko an lulluɓe komai da bandeji da bargo, kuma allurar kashe zafi tana aiki, ba a ganin komai sai tudun ƙarfe.

Ranar da za a fara buɗewa a wanke bakin hudojin, ma'aikaciyar jinya ta shigo da tirenta, ta ce abin yana da zafi, kuma saboda dokar korona mutum ɗaya ne zai tsaya da yarinya. Na riga na ajiye mayafi na naɗe hannun riga, don tunda aka fara wannan wahala ni ce mai riƙe ta. Maigidana ya miƙe ya nufi ƙofa, kansa a ƙasa. Ma'aikaciyar ta dubi 'yata ta ce, "Mama ce za ta tsaya, ko?"

'Yata ta ce, "A'a. Abba ya tsaya."

Na ce, "Ke, kin tabbata? Ni ce fa na saba."

Ba ni take kallo ba, shi take kallo. Ta ce, "Abba ya tsaya, Umma. Ina so ya gani."

Ya tsaya cak da hannunsa a kan mariƙin ƙofa. Ya juyo ya dube ni, idonsa ya kaɗa, kamar mai neman in ce wani abu in fitar da shi. Ma'aikaciyar ta fara warware bandeji. Na ɗauki mayafina da jakata, na raɓa ta gefensa na fita, na ja musu ƙofa.